Basfata da Man Saleh

Litinin, 16 ga Maris, 1998, ƙarfe shida na yamma

Basfa ta mutu mini sau biyu yau, da safe a hanyar ofis, da yamma daidai kwanar shiga Yelwa. Duk salo ɗaya ne. Za ta tashi lafiya lau, mu yi tafiyar minti goma ko sha biyar, sai ta fara sarƙewa. In na sassauta hannu silo, wato kiɗan injin a hankali, ya ƙi riƙewa, ta yi tari biyu ta yi shiru. In sauka, in ɗaga kujera, in buɗe tanki in leƙa, mai yana nan. In rufe in buga kik, sai ta tashi kamar ba ita ba. Shekara tara muna tare, tun ina Yola, kafin a ba mu jiha a kwaso mu nan Jalingo da fayilolinmu, ba ta taɓa yi mini irin wannan rashin kunya ba.

Man da ke cikinta na Saleh ne, ranar Asabar na ɗauko. Da Saleh muka yi firamare a Lau, benci ɗaya, shi yana kwafar lissafina, ni ina shan furar gidansu. Tun da kamfanin da yake yi wa tuƙi ya tattara ya tafi, ya kafa tebur a bakin kasuwa inda 'yan acaɓa ke taruwa, yana sayar da mai a galan da kwalba. Gidajen mai sun bushe tun watan jiya. Masu tebur sun yi yawa, amma kowa ya san Saleh ne kaɗai ba ya gauraya mai da kananzir. Ba shi da wani jari da ya wuce wannan sunan. Nawa galan a ƙarƙashin tebur yake ɓoye mini, ko da layi ya kai ina.

Na tsaya na gaya masa halin da ake ciki. Ya yi dariya ya shafa kujerar, ya ce, "Soobaajo, abokina, wannan tsohuwar za ta riga ka karɓar fansho."

Laraba, 18 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Na kai ta wurin Andrawus bakanike. Ya kwance kafireta ya wanke, ya hura jet da baki har idanunsa suka yi ja, ya sa sabon fulogi, ya murɗa sukurun silo. A rumfarsa ta tsaya tana kiɗa tik-tik-tik, ko mai sabuwa sai ya yi sha'awa.

Ya ce, "Oga Tobiya, wannan mashin naka shi ba ya da komai fa. In ya sake mutuwa, ka duba mai da kake ba shi. Yanzu kowa yana miksin da kananzir."

Na ce ai na Saleh ne. Ya ɗaga kafaɗa kawai.

Ban kai gida ba ta mutu.

Jumma'a, 20 ga Maris, ƙarfe bakwai na yamma

Matata Lois tana kwance, ta sha magani, ta ce kanta ya lafa.

Yau ce ranar da likita ya ba ta don awon hawan jini. Na ɗauko ta wajen sha ɗaya, rana ta riga ta buɗe sosai. Basfa ta mutu a inda babu ko inuwar sanda. Na buga kik har na gaji, don gigita ma ban yi abin da na saba yi ba, bugu kawai nake. Da na waiwaya sai na ga Lois zaune a bakin kwalbati, ta dafe ƙeya, leɓunanta sun yi fari. Ta ce, "Baban Hope, ina ganin duhu." Shekara ashirin da uku da aure ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba. Wata mai mota ce ta tsaya ta kai ta asibiti.

Da aka ce mini ba komai, ta huta kawai, sai na koma na turo Basfa. Ba gida na nufa ba. Na turo ta har bakin kasuwa, gumi yana shiga mini ido, maganar Andrawus tana yawo a kaina.

Mutane sun cika wurin. Yuguda shugaban 'yan acaɓa yana nan da mutanensa.

Na faɗi abin da na faɗa.

Saleh bai ɗaga murya ba. Ya kife mazurari a kan tebur, ya ce, "Allah ya ba Maman Hope lafiya."

Asabar, 21 ga Maris, da rana

Ai ina da hujja. Duk wanda ya ga matarsa a bakin kwalbati haka zai yi.

Lahadi, 22 ga Maris, bayan sujada

A ƙafa muka je coci. Ban ji wa'azi ba, ina ta shirya wa kaina shari'a a zuci, ni ne mai ƙara, ni ne alƙali, kuma kowane zama ni nake ci. Ranar Asabar na zuba man, ranar Litinin ta fara mutuwa. Kafireta a wanke, fulogi sabo. Me ya rage?

Muna dawowa Lois ta ce, "Maman Dokas ta ce an ji ka a kasuwa."

Na ce an ji ni, sai me?

Ta ce, "Ka gwada man ne, ko ka ji an ce?"

Na ce ba a gwada abin da yake a fili. Ba ta ƙara ba. Lois in ta yi shiru irin wannan, gara ta yi faɗa.

Laraba, 25 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

An kawo tanka wani gidan mai. Jiya tun sassafe na kai Basfa layi, yau da azahar na samu. Kafin in tafi na tsiyaye man Saleh tas da hannuna a tsakar gida, na ɗauraye tankin. Ba na barin kowa ya taɓa mini tanki a wannan zamani, ko Andrawus, makullin kujera yana aljihuna kullum.

Yanzu mai na gidan mai ne, daga famfo zuwa tanki, da idona na gani. Na auna baƙin mai na zuba daidai yadda na saba. Gobe za a ga gaskiya.

Alhamis, 26 ga Maris, ƙarfe tara na safe, a ofis

Ta mutu.

Alhamis ɗin dai, da yamma

Sau uku. Wataƙila sauran kananzir ne ya maƙale a tiyo. Dole haka ne.

Asabar, 28 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Andrawus ya canja tiyon mai, ya kwance famfon da ke ƙarƙashin tanki ya wanke rariyarsa. Ya sake wanke kafireta, wanki na biyu ke nan cikin kwana goma, ni kaina ban samu kulawa irin haka ba. Ya ɗaga silo sama har tana kuka a tsaye. Na yi gwaji zuwa hanyar Yola na dawo, ta mutu a dawowa.

Na lura na daina bi ta bakin kasuwa. Ina zagayawa ta baya, hanya mai rami, a wannan tsadar mai. Na gaya wa kaina don cunkoso ne.

Litinin, 30 ga Maris, ƙarfe shida da rabi na yamma

Lois ta je gidan Saleh ba ta gaya mini ba sai da ta dawo. Ita da matarsa Fanta ba ruwansu da rigimar maza, Adda, wato yaya, take ce mata tun farkon aurenmu.

Ta zauna tana tsince shinkafa, ba ta kalle ni ba, ta ce, "Adda Fanta ta ce kwana tara bai sayar da galan uku ba. 'Yan acaɓa sun koma teburin gaba. Sun sa masa suna."

Ban tambaya ba, ta faɗa.

"Saleh Kananzir. Har a makaranta ana kiran 'yarsu Hamna da shi. Sun ce in har aminin mutum ya faɗa, to gaskiya ne."

Na ce ni ban sa kowa ya sa masa suna ba. Ta ce haka ne, ta ci gaba da tsintarta.

Hamna a hannun Lois ta koyi tafiya, a wannan tsakar gidan.

Talata, 31 ga Maris, da safe

Sau biyu kafin in kai ofis. Mai na gidan mai, tiyo sabo. Ba na son tunanin da ke zuwa mini.

Alhamis, 2 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Zan rubuta shi yadda ya faru, ba zan gyara komai ba.

Andrawus ya ce ya gaji da jin labari, yana so ya ga mutuwar da idonsa. Ya hau bayana muka kama hanya. Bayan minti goma sha biyu ta sarƙe ta tsaya. Na sauka na ɗaga kujera kamar kullum, na kai hannu kan murfin tanki, sai ya riƙe ni.

"Tsaya, Oga. Bari ni in buɗe shi."

Ya kwance a hankali, kunnensa a kusa. Muka ji fuuus, tankin ya ja iska. Ya ɗaga murfin, ya ɗauko baƙar ledar da ke shimfiɗe a bakin tankin, ninki huɗu, ya riƙe ta da yatsu biyu.

"Wannan fa, wa ya sa shi?"

Ni na sa ta. Ranar Asabar ɗin da na ɗauko man Saleh, na ajiye Basfa a zaure, zafi ya sa duk wurin warin fetur. Na ce ashe haka man nan da ake wahala a kansa yake gudu a iska ina zaune. Na ninke leda na shimfiɗa a bakin tanki, na danne da murfi, na ɗaure tamau. Har daɗi na ji na wannan dabara. Ban rubuta ta a littafin nan ba don ban ɗauke ta a bakin komai ba.

Andrawus ya juya murfin ya nuna mini wani ɗan rami, bai fi tsinin allura ba. Ya ce, "Ta nan tanki yake numfashi. Mai yana sauka, iska yana shiga. Ka toshe shi, to mai zai sauka kaɗan ya tsaya. Kana buɗewa ka duba, iska ya shiga, mashin ya tashi. Oga, kai ne kake kashe shi, kai ne kake tashe shi."

Yana dariya har da riƙe ciki, sai ya ga fuskata ya daina.

Kwana goma sha tara. Kullum sau biyu, sau uku, da hannuna nake ɗaga ledar nan in leƙa, in mayar da ita in gyara mata zama. Ko ranar da na ɗauraye tankin, a gefe na ajiye ta don kada ta ɓata.

Mun zagaya gari kusan awa ɗaya babu leda. Ko tari ba ta yi ba.

Yanzu bari in rubuta abin da na ƙi rubutawa. Ranar nan a kasuwa na ce wa Saleh macuci. Na ce saura kaɗan ya kashe mini mata saboda kwaɗayi. Sannan na ce, "Ku dama duk haka kuke." Da ƙarfi na faɗa, don kowa ya ji.

Jumma'a, 3 ga Afrilu, da safe

Na nuna wa Lois ledar. Ta daɗe tana kallonta. Ta ce, "To, me kake jira?"

Na ce yau Jumma'a, Saleh zai tafi masallaci. Gobe.

Asabar, 4 ga Afrilu, da yamma

Na kai har kwanar layinsu. Na hango takalman baƙi a ƙofar zaure, na juyo. Ba maganar da za a yi a gaban baƙi ba ce.

Ni ne nake rubuta wannan, ni da na yi tawa maganar a gaban kasuwa.

Litinin, 6 ga Afrilu

Aiki ya yi yawa a ofis. Basfa lafiya lau. Na fara jin haushin lafiyarta.

Na yanke shawara in bari sai ranar Sallah. Ranar zukata a sanyaye suke.

Laraba, 8 ga Afrilu, ranar Babbar Sallah, ƙarfe uku na rana

Mun shirya ni da Lois, ta ɗauki babban kaskonta, don duk shekara ita take taya Fanta suyar nama. Na sa rigar da nake zuwa coci da ita. A hanya ina ta maimaita abin da zan ce.

Babu rago a gidan. Babu hayaƙi. Fanta tana ɗaure kwanuka a buhu, Hamna tana riƙe mata bakin buhun. Fanta ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, ta gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ta tambayi aiki, ta tambayi Hope a makaranta.

Na ce ina maigidan?

Ta ce, "Ya tafi Lau tun Litinin, wurin yayansa. Ya sayar da teburin. Mu ma bayan Sallah za mu bi shi."

Litinin. Da na shiga ranar Asabar da na same shi.

Na fara magana, ta ce, "Baban Hope, ni ba ni da ta cewa. Tsakaninku ne." Lois ta ajiye kaskon ta kama ɗaure kaya da ita. Ni na zauna a tabarma da ruwan a hannuna, na rasa inda zan sa idona. Kunya ce, ba ni da wani suna da zan ba ta.

Alhamis, 9 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya na rana

Na je bakin kasuwa. Wani ne a kan teburin, ban san shi ba. Na kashe Basfa, na tsaya daidai inda na tsaya ranar nan, na ɗaga ledar sama. Na ce jama'a ku saurare ni. Na ce ni Tobiya ƙarya na yi wa Saleh, mansa ba shi da komai, ni na toshe tankina da hannuna. Na faɗi duka har ƙarshe.

Ranar da na zage shi mutum ya fi hamsin. Yau na ƙirga, su bakwai ne, biyu ma fasinja suke kira. Ɗaya ya ce in ba shi ledar ya ga irinta, aka yi dariya.

Yuguda ne ya matso. Ya ce, "Oga, ka yi ƙoƙari. Mu ma mun yi mamaki, mutumin nan bai taɓa ba mu mai mara kyau ba. Amma da muka ji daga bakinka, sai muka ce wa ya fi ka saninsa?" Ya nuna sabon mai teburin da haɓa, ya rage murya. "Wannan kam yana miksin sosai. Jiya inji biyu ya kashe mana."

Jumma'a, 10 ga Afrilu

Mun je sujadar Jumma'a Mai Kyau. Ban iya rera ko waƙa ɗaya ba. Gobe Lau.

Asabar, 11 ga Afrilu, ƙarfe shida da rabi na yamma

Na dawo.

Na tashi da hantsi da ɗan man da ya rage. Tun daga Jalingo har Lau ba ta tsaya ba ko sau ɗaya. Aka nuna mini gonar yayansa a bakin kogi. Na same shi ya naɗe wando zuwa gwiwa yana jan tiyon injin ban-ruwa tsakanin kunyoyin albasa. Ya rame, ko kuwa idona ne.

Ya yi mini maraba da Fulatanci, ya ce, "Jabbaama." Ya wanke hannu, muka gaisa, muka zauna a gindin mangwaro. Ya tambayi jikin Maman Hope kafin komai.

Na ciro ledar na ba shi, na faɗi duka, har da ramin murfi, har da ranar Asabar da na juya daga kwanar gidansa. Ya juya ledar a hannunsa.

"Wannan ce?"

Na ce ita ce.

Ya ɗan murmusa. Na roƙe shi gafara da sunan Allah. Ya ce, "Ya wuce, Tobiya. Na yafe tun ranar. Na san tsoro ne ya kama ka."

Na ce na je kasuwa na wanke shi a gaban mutane, Yuguda ma yana nemansa, ya dawo. Ya ce damina ta kusa, yayansa yana bukatar hannu, kuma Hamna ta ce ba za ta koma waccan makarantar ba. Ya juya yana kallon ruwa, har na ɗauka an gama. Sai ya ce, "Abu ɗaya ne na kasa ganewa. Da ka ce ku, ni da su wa ke nan?"

Duk hanyar nan na zo da amsoshi a shirye, babu ta wannan a ciki. Bai matsa ba. Ya aika aka kawo fura, muka sha, muka yi maganar farashin albasa da malaminmu na aji huɗu da ya rasu bara.

Da zan tafi ya rako ni wurin Basfa. Ya girgiza ta ya saurara, ya ce wannan man ba zai kai ni Jalingo ba. Ya shiga bukka ya fito da jarka, ragowar man da ya kasa sayarwa, wanda suke ba injin ban-ruwa. Na ɗaga kujera na buɗe tanki, na ji sanyi a raina, na ce ga shi dai mun koma yadda muke.

Bai zuba ba. Ya karkata jarkar ya ɗiga kaɗan a tafin hannunsa, ya buɗe hannun a gabana yana jira ya bushe. Haka masu tebur suke yi wa baƙon da bai yarda da su ba: in fetur ne zalla ya tashi ya bar hannu a bushe, in da kananzir sai ya bar maiƙo. Tun da ya fara wannan sana'a bai taɓa yi mini haka ba.

Na ce, "Haba Saleh, don Allah ba sai ka yi ba."

Bai sauke hannun ba. Man ya bushe, tafin ya yi fari. Sai da na duba na ce na gani, sannan ya zuba.